Tambayoyin Masu Karatu: Tsohon Birnin Fas, Daga Ƙofar Bujlud Zuwa Bakin Kogi

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata sun fi karkata ga wuri guda, wato tsohon birnin Fas na ƙasar Maroko, wanda mutanensa ke kira Fas al-Bali. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin, amma ba mu sauya manufar kowa ba.

TAMBAYA: Ni dattijo ne, ina shirin zuwa ziyara Fas karo na farko. Jikana ya nuna mini taswira, sai na ga kamar garuruwa uku ne suke amsa suna ɗaya. Wanne ne tsohon garin, kuma yaya shimfiɗarsa take? An ce mini lungunansa sun kai 9,000, har baƙo kan wuni yana neman hanyar masaukinsa.

AMSA: Baba, Allah ya kai ka lafiya. Jikanka bai yi kuskure ba, garuruwan uku ne. Akwai Fas al-Bali, wanda aka fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 8. Akwai Fas Jadid, wato sabuwar Fas, wadda sarakunan Banu Marin suka kafa a 1276 don ta zama mazaunin fada da soja, kuma a nan ne fadar sarki da tsohuwar unguwar Yahudawa da ake kira Mallah suke. Sannan akwai sabon garin da Faransawa suka shata bayan yarjejeniyar 1912 da ta sanya Maroko ƙarƙashin ikonsu, mai faffaɗan tituna da tashar jirgin ƙasa. Abin da kan rikita baƙo shi ne wadda ake kira sabuwa ta haura shekara 700 a duniya. Inda za ka nufa shi ne na farkon, kuma shi da Fas Jadid ne hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1981.

Wanda yake son ya fahimci Fas al-Bali, to ya fara da ƙasa kafin gini. Garin yana zaune ne a cikin kwari, kamar an kwaɓa shi a cikin akushi. Dutsen Zalag yana tsaye daga arewa, filin noma na Sayis yana daga kudu maso yamma, kogin Fas kuma yana shigowa daga yamma, ya ratsa tsakiyar garin, sannan ya fita ya faɗa cikin babban kogin Sabu. A cikin ganuwa sunan kogin yakan koma Bu Khararib. Saboda haka gidajen sun hau gangara biyu masu kallon juna, ƙofofin ganuwa suna kan tudu, manyan kasuwanni da babban masallacin Ƙarawiyyin kuma suna can ƙasa kusa da ruwa. Faɗin abin da ganuwar ta kewaye ya ɗan haura hekta 200, wato ɗan sama da murabba'in kilomita biyu, wanda mai ƙarfin ƙafa zai ratsa cikin ƙasa da awa ɗaya idan cinkoso bai tsare shi ba.

Daga wannan shimfiɗa ne dabarar rashin ɓata take fitowa. Yawancin baƙi suna shiga ta Bab Bujlud daga yamma, ƙofar nan mai ado shuɗi daga waje da kore daga ciki. Mutane kan ɗauke ta tsohuwa ƙwarai, alhali kuwa a 1913 aka gina ta, kusa da ainihin tsohuwar ƙofar. Daga bakinta hanyoyi biyu suke gangarawa, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, wato babban hawa da ƙaramin hawa, kuma dukansu suna kai mutum wajen Ƙarawiyyin. Idan ka rasa inda kake, duba ƙafarka: matuƙar kana gangarawa, kana nufin kogi da masallaci, matuƙar kana hawa, kana nufin ganuwa da ɗaya daga ƙofofinta, ko Bujlud a yamma, ko Bab Gisa a arewa, ko Bab Futuh a kudu maso gabas. Haka kuma hanyar da ka ga jama'a da shaguna sun cika ta, tana ɓullewa, amma siririn lungun da ya yi tsit, wanda suke kira darb, galibi yana ƙarewa ne a ƙofar gidan wani.

Maganar lunguna 9,000 kuwa, adadi ne da 'yan rakiyar baƙi suka saba faɗi, kuma ya danganta ga abin da mai ƙirga ya yarda ya kira lungu. Abin da ya fi amfani ka sani shi ne mota ba ta shiga, sai dai ta tsaya a bakin ƙofa ko a dandalin Rasif, inda aka rufe wani sashe na kogin aka shimfiɗa titi a kansa. Daga nan kaya sai a jaki ko alfadari ko amalanke. Idan ka ji an yi kira "balak, balak" daga bayanka, kada ka tsaya waiwaye, ka manne da bango nan take, domin alfadari ne ɗauke da tukwanen gas ko buhunan siminti, kuma wasu lungunan ba za su ɗauke ku tare ba. Tun da gwiwa ta ga shekaru, shawarata ita ce ka shiga ta Bujlud ka gangara, idan ka gama ka fita ta Rasif ka hau mota, maimakon ka sake hawa gangarar da ka sauko.

TAMBAYA: Ina koyar da tarihi a makarantar sakandare. Me ya sa ake kiran gaɓa ɗaya ta kogin Adwatul Andalus, ɗayar kuma Adwatul Ƙarawiyyin? Wa ya kafa garin a tsakanin Idris na ɗaya da na biyu?

AMSA: Malama, dukansu biyun suna da hannu, shi ya sa littattafai suke saɓawa. Idris na ɗaya, wanda jinin Hasan ɗan Sayyidina Ali ne, ya tsero daga Hijaz bayan yaƙin Fakh na 786, ƙabilar Awraba ta karɓe shi, kuma shi ake jingina wa kafa matsuguni na farko a gaɓar gabas a wajajen 789. Ɗansa Idris na biyu ya kafa wani garin a gaɓar yamma a 809 ya mayar da shi mazaunin mulkinsa. Sunayen kuwa baƙi ne suka kawo su. A 818 mutanen wata unguwa ta Ƙurɗuba, babban birnin Andalus a Sifaniyar yau, suka yi wa Sarki Hakam na ɗaya bore, ya murƙushe su ya kore su, ɗaruruwan iyalai daga cikinsu suka sauka a gaɓar gabas, sai ta ɗauki sunan Andalus. Bayan 'yan shekaru wasu iyalan suka zo daga Ƙairawan ta Tunisiyar yau, suka sauka a yamma, ita ma ta ɗauki sunansu.

Abin da ya kamata ɗalibanki su riƙe shi ne fiye da shekara 250 waɗannan garuruwa biyu suka yi kowane da ganuwarsa da masallacin Juma'arsa da kasuwarsa, ɗan siririn kogi ne kawai a tsakani, kuma zaman nasu ba kullum yake na lafiya ba. Sai da Yusuf bin Tashfin na daular Murabiɗai ya ci su a wajajen 1070 sannan aka rushe ganuwar da ta raba su, aka yi gadoji, aka mayar da su gari guda. Har yau akwai gadar da ake kira Bainal Mudun, wato tsakanin garuruwa, sunan da ya wanzu shekaru kusan dubu bayan dalilinsa ya gushe. Gaɓar Ƙarawiyyin ce ta yi rinjaye a ciniki da ilimi, gaɓar Andalus kuma ta zama ta gidajen zama, shi ya sa baƙi da yawa suke barin Fas ba su tsallaka sun ga masallacin Andalus da doguwar ƙofarsa ta zamanin daular Muwahhidai ba.

Kogin da ya raba su shi ne kuma ya raya su. An rarraba ruwansa tun daga saman gari zuwa ƙananan magudanai da bututun yumɓu da suke bi ta ƙarƙashin gidaje, gangara kaɗai take tura shi, ya shiga masallatai da gidajen wanka da injinan niƙa, sannan wanda aka yi amfani da shi ya koma ƙasa ya tafi da ƙazanta. Da wannan ne kowace unguwa ta samu abubuwan da ta dogara a kansu: masallaci, famfon jama'a mai adon tayil, gidan wanka, makarantar allo, da gidan gashin burodi. Da safe har yanzu za ki ga yaro ɗauke da faranti na katako a ka, an rufe kwaɓaɓɓen gari da ƙyalle, yana kai wa mai gashi, wanda ya san farantin kowane gida ba tare da an rubuta suna ba. Tsarin sana'o'i ma ruwan ya bi: masu turare da masu littattafai da tufafi masu tsada suna jingine da masallaci, majema da marina suna can ƙasa inda warinsu da ruwansu za su fice daga gari.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne. Gaskiya ne Ƙarawiyyin ita ce jami'a mafi tsufa a duniya, kuma mace ce ta gina ta?

AMSA: Ɗana, amsar tana da rassa biyu. Labarin da ya shahara shi ne Faɗima al-Fihriyya, 'yar wani attajiri daga Ƙairawan, ta gina masallacin a 859 da dukiyar gadonta, 'yar'uwarta Maryam kuma ta gina na Andalus. Tushen labarin shi ne littafin tarihin Fas mai suna Raudul Ƙirɗas na Ibn Abi Zar'i, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 14, wato fiye da shekara 450 bayan aukuwar abin. A ƙarni na 20, lokacin wani gyara, an gano rubutu a kan katakon al'ul a cikin masallacin mai ɗauke da sunan Dawud bin Idris da shekarar 877, abin da ya sa wasu masana tarihi suke ɗari-ɗari da ruwayar. Mutanen Fas dai sun riƙe Faɗima a matsayin uwar masallacin, kuma ni ban ga laifin ambaton ta ba, matuƙar mai ambaton ya san daga ina labarin ya fito.

Ginin da ake gani yau ya wuce na zamaninta nesa ba kusa ba. Hasumiyarsa ta 956 ce, da kuɗin Abdurrahman na uku, halifan Ƙurɗuba, aka gina ta. Babban faɗaɗawar da ta ba shi siffarsa ta yanzu an yi ta ne tsakanin 1134 da 1143 a zamanin Ali bin Yusuf, har ya zama yana ɗaukar masallata wajen 20,000. Abin mamaki shi ne duk girman nan ba a ganinsa daga waje, domin shaguna da gidaje sun manne masa ta ko'ina, mutum zai kewaye shi bai sani ba, sai dai ya hango farfajiya da sahun ginshiƙai ta wata buɗaɗɗiyar ƙofa. Rufinsa kore sai daga kan tudu ake ganinsa gaba ɗaya.

Batun jami'a kuwa ya danganta ga ma'anar kalmar. Littafin bajinta na Guinness ya amince da ita a matsayin cibiyar ilimi mafi daɗewa tana aiki. Masu ja da haka suna cewa karatun da aka yi a ciki na halƙa ne, malami ya jingina da ginshiƙi ɗalibai su kewaye shi, ya ba wanda ya ƙware ijaza, kuma sai a 1963 aka shigar da ita cikin tsarin jami'o'in gwamnati. A ganina gardamar ta fi cin lokaci a kan suna. Wanda ya taɓa zama gaban malami da Ajurruma, littafin ɗan Fas ya karanta, domin Ibn Ajurrum a nan ya rayu ya rasu a 1323. Ibn Ashir mai baitocin fiƙihun Malikiyya, wanda ya rasu a 1631, shi ma ɗan garin ne. Ɗakin karatun da Sarki Abu Inan ya kafa a 1349 yana ajiye da kofin tarihin Ibn Khaldun wanda shi marubucin ya yi waƙafinsa da kansa. Hasan al-Wazzan kuma, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, a Fas ya tashi ya yi karatu kafin ya rubuta bayanin Afirka da ya ambaci Kano da Katsina a ciki.

Su kuwa ɗaliban da suke zuwa daga nesa, Banu Marin sun gina musu madarisu, wato gidajen kwana da karatu, a cikin garin: Saffarin a 1271, Aɗɗarin tsakanin 1323 da 1325, sai Bu Inaniyya da aka gama a wajajen 1355. Idan ka shiga Aɗɗarin, tsakar gidan ƙarama ce, amma bangon hawa uku ne na ado, tayil daga ƙasa, sassaƙar farar ƙasa a tsakiya, katakon al'ul daga sama. Ka hau bene ka leƙa ɗakunan ɗalibai, za ka tarar da 'yan ƙananan ɗakuna marasa ado ko kaɗan, da ƙyar mutum biyu za su miƙe a ciki, taga kuma bai fi tafin hannu biyu ba.

TAMBAYA: Na karanta a wani wuri cewa mutum 150,000 ne suke zaune a tsohon garin, a wani wurin kuma na ga 70,000. Wanne ne daidai?

AMSA: Malam, kowane adadi yana da lokacinsa da iyakarsa. Na farkon ƙiyasi ne da ya yaɗu tun farkon shekarun 2000, kuma ana ta maimaita shi. Na biyun daga ƙidayar ƙasa ta 2014 ya fito, wadda ta samu ɗan sama da mutum 70,000 a gundumar mulki ta Fas-Madina, a lokacin da birnin Fas gaba ɗaya yake da kimanin miliyan 1.1. Iyakar gundumar mulki da abin da mutane ke kira tsohon gari ba lallai su zo ɗaya ba, amma alkiblar a bayyane take: cikin ganuwa yana raguwa, bayan ganuwa yana kumbura.

Dalilin yana da tsawo. Da Faransawa suka mayar da babban birni Rabat a 1912, ciniki kuma ya koma Kasablanka a bakin teku, manyan gidajen Fas na malamai da attajirai suka fara bin arziki inda ya koma, wasu kuma suka fita sabon gari inda mota take isa ƙofar gida. Yahudawan Mallah su ma suka ƙaura, mafi yawa zuwa Isra'ila da Faransa, daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa na 1960. Gidajen da aka bari sai mutanen karkara masu neman abin yi suka cika su, gidan da aka gina don iyali ɗaya ya koma kowane ɗaki da iyalinsa. Ga shi gidan gado ne mai magada barkatai a garuruwa daban-daban, ba mai ɗaukar nauyin gyara, ɗan haya kuma ba zai gyara abin da ba nasa ba. Danshi ya ci bango, katako ya ruɓe. Shi ya sa a wasu lungunan za ka bi ta ƙarƙashin katakan da aka tokare bango da bango don kada su rufta. A 1989 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman, ADER-Fès, don rage cinkoso da ceto gine-ginen, kuma an gyara madarisu da masaukan fatake da gidaje masu yawa.

Sai dai gyaran ya zo da tasa tambayar. Da yawa daga cikin manyan gidajen da aka farfaɗo da su sun koma masaukin baƙi, wasu a hannun 'yan ƙasa, wasu a hannun Turawa. Bangon ya tsira, amma gidan da ya koma otal ba ya aika yaro makarantar allo, ba ya kai faranti gidan gashi. A nawa ra'ayin, wanda yake auna lafiyar Fas al-Bali ya ƙirga yaran da ke fita makaranta da safe kafin ya ƙirga ƙofofin da aka sake wa fenti.

TAMBAYA: Ni da maigidana za mu je ziyarar Shehu Ahmad Tijjani, kwana biyu kawai za mu yi. Ina zawiyar take, kuma me za mu ƙara gani?

AMSA: Hajiya, zawiyar tana unguwar Balida, tafiyar 'yan mintoci daga Ƙarawiyyin, kuma hasumiyarta mai tayil kore-shuɗi tana nuna ta. An haifi Shehu a Ain Madi ta Aljeriya a 1737, ya zauna a Fas daga 1798 bayan Sarki Maulaya Sulaiman ya karɓe shi, ya rasu a 1815, kuma a cikin zawiyar aka binne shi. Maziyarta daga Afirka ta Yamma ba sa yankewa a wajen. Idan kwanakinku sun haɗa da Juma'a, ku halarci zikirin bayan la'asar, amma ku sani yawancin shagunan tsohon gari a rufe suke wuni a ranar.

Kusa da nan akwai zawiyar Maulaya Idris na biyu, wadda Sarki Maulaya Isma'il ya sake ginawa a ƙarni na 18. A bakin lungunan da suke shiga wajenta za ku ga katako an gicciye daidai kan mutum, alamar iyakar harami ce, inda dabbar kaya ba ta wucewa. Daga nan ku leƙa masaukin fatake na Najjarin, wanda yanzu gidan adana kayan sassaƙa ne, ku bi ta dandalin Saffarin inda ƙarar gudumar maƙeran tagulla za ta iske ku tun kafin ku gan su.

Majemar Shuwara kuwa hancinku ne zai kai ku. Ana kallonta daga benayen shagunan dukawa, inda za a miƙa muku ɗan reshen na'a-na'a ku kara a hanci. Daga sama za ku ga ramuka jere kamar saƙar zuma, farare na farar ƙasa da kashin tantabara inda ake jiƙa fata ta yi laushi gashi ya fita, da masu launi inda majema suke shiga har cinya suna tattaka fata da ƙafa, fatun da aka rina kuma an shanya su a kan soraye. Ku je da hantsi, lokacin da aiki yake tafiya. Ku tsayar da magana da duk wanda ya ce zai raka ku tun kafin ku ɗaga ƙafa, domin ɗan rakiya mai lasisi yana ɗauke da katin shaida.

Da yammacin rana ta biyu ku hau mota zuwa tudun arewa, wajen kufan ƙaburburan Banu Marin da ganuwar soja ta Burj Nord da Sarki Ahmad al-Mansur ya gina a 1582. Daga nan kwarin gaba ɗaya yana ƙarƙashinku, gangara biyu da koren rufin Ƙarawiyyin a tsakiya. Ku riƙe rigar sanyi idan tsakanin Disamba da Fabrairu ne, kuma ku sauko da zarar an idar da magariba, domin wurin yakan yi shiru da dare.